Mai shakka zai iya matsowa teburin Ubangiji ranar Ista?

Tambayar ta fito daga wani matashi mai sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12, ɗan ƙungiyar mawaƙa a ɗaya daga cikin majami'un da ake sujada da Hausa a nan Legas. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Baba, bara 'yan bindiga suka kashe yayana a gona can gida, ya bar mata da yara. Ya fi ni addu'a, ya fi ni tsoron Allah. Tun daga nan in na buɗe baki zan yi waƙa sai in ji kamar ƙarya nake yi. Abokan sana'ata Musulmi suna tambayata me ya sa Allah ba zai yafe zunubi haka kawai ba sai an zub da jini, ni kuma ba ni da amsa. Ga Ista ta matso, za a ba da Jibin Ubangiji. Shakkar nan zunubi ce? Cetona yana nan? In ci ko in ƙaurace?"

Ɗana, kafin in taɓa tambayarka, ina yi maka gaisuwar rashin yayanka. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya riƙe matarsa da yaran da ya bari, ya kuma ba ka ƙarfin ɗaukar nauyin da ya faɗo a kanka, don na san a gidajenmu in babba ya tafi, wanda yake Legas ake zuba wa ido.

Amsata ita ce ka ci Jibin, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a don tunawa da mutuwar Almasihu. Cetonka bai rataya a kan yadda zuciyarka take ji a wannan mako ba. Sai dai wanda ya binne ɗan'uwansa ba ya ƙoshi da amsa mai layi ɗaya, saboda haka bari mu zauna a kan maganar.

Zan fara da Toma, almajirin Yesu, domin mu masu wa'azi mun daɗe muna tauye masa hakki. An laƙaba masa suna mai shakka kamar ba abin da ya taɓa yi a duniya sai wannan. Buɗe Yohanna 11:16. Da Yesu ya ce zai koma Yahudiya saboda Li'azaru, almajirai suka tuna masa cewa ba a daɗe ba aka nemi jifansa a can. Toma ne ya ce wa sauran su tashi su bi shi, su mutu tare da shi. Matsoraci ba ya irin wannan magana. A Yohanna 14:5 kuma, da Yesu ya ce sun san hanyar inda za shi, Toma ya fito fili ya ce ba su san inda za shi ba, balle hanyar. Mutum ne wanda ba ya gyaɗa kai a kan abin da bai gane ba. Tambayar tasa ce ta jawo amsar da kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace, cewa Yesu shi ne hanya, shi ne gaskiya, shi ne rai.

To, wannan mutumin ne aka kashe masa ubangida a kan gicciye ranar Juma'a. Da sauran suka ce masa sun ga Ubangiji, bai ce a nuna masa haske ko mala'ika ba. Gurbin ƙusoshi ya nema, da wurin da mashi ya shiga. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan, raunukan. Ni a karatuna, shakkar Toma baƙin ciki ce, irin ta wanda ya ba da zuciyarsa duka aka karya ta, yana tsoron a sāke karya ta da labari mai daɗi. Kada kuma ka manta sauran ba su fi shi ba. Luka 24:11 ya ce da matan suka dawo daga kabari, manzanni sun ɗauki maganarsu tatsuniya. Yohanna 20:20 ya ce sai da Yesu ya nuna musu hannuwansa da haƙarƙarinsa suka yi murna. Abin da aka riga aka ba su ne Toma ya roƙa.

Ayar da nake so ka riƙe ita ce Yohanna 20:26. Bayan kwana takwas almajirai suna cikin gida, Toma kuma yana tare da su. Ka auna wannan makon. Mutum goma suna cike da farin ciki, ɗaya yana zaune a tsakiyarsu bai yarda da komai ba. Bai tattara kayansa ya tafi ba, su kuma ba su ce masa sai ya gyara zuciyarsa zai shigo ba. A cikin wannan ɗakin Yesu ya same shi. Ya yi musu sallama, ya juya wajen Toma, ya maimaita masa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, alamar ya ji duk abin da ya faɗa a lokacin da Toma yake zaton ba mai ji. Akwai tsawatarwa a ciki, ba zan ɓoye maka ba, don ya ce masa kada ya zama marar ba da gaskiya. Amma da hannu a miƙe ya tsawata. Kuma daga bakin Toma ne shaidar da ta fi kowace girma a Bisharar Yohanna ta fito: "Ya Ubangijina da Allahna!"

Ran Litinin bayan Ista, majami'u da yawa a ƙasar nan sukan fita abin da muke kira Galili, a ɗauki abinci da ganguna a je fili ko bakin ruwa. Ana tunawa da haɗuwar Yesu da almajiransa a kan dutse a Galili. Kafin ka fita bana, karanta Matiyu 28:17. Ya ce da suka gan shi suka yi masa sujada, amma waɗansu suka yi shakka. Yana tsaye a gabansu, duk da haka zuciyar waɗansu tana rawa. Matiyu bai share wannan layin ba, Yesu kuma bai ware su gefe ba. Su ɗin nan ya aika cikin duniya a ayoyin da suke biye.

Yanzu maganar yayanka, wadda ita ce tushen abin. Ba zan ce maka ga dalilin da ya sa Allah ya bari aka kashe shi ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani, ka yi hankali da shi. Abin da zan iya nuna maka shi ne Littafi Mai Tsarki bai taɓa yin alkawarin cewa mai addu'a ba zai faɗa hannun mugaye ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan manzo Yohanna da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya zo ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Sura ɗaya, gari ɗaya, sarki ɗaya. Wani ya mutu, wani ya fita, ba a kuma ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa ya kira shi Ɗan Ragon Allah, daga kurkuku ya aika a tambaye shi ko shi ne mai zuwan ko su sa ido ga wani (Matiyu 11:3). Yesu bai zarge shi ba. Bayan 'yan saƙon sun juya ma ya ce a cikin waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi shi ba. Amma bai buɗe masa kurkukun ba, a can aka fille masa kai. Ibraniyawa sura 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakuna ta wurin bangaskiya, sa'an nan ba tare da ta ja numfashi ba ta jera waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida.

Ina nanata wannan ne saboda garin da muke zaune. Ba ka tafiya daga Ketu zuwa Oshodi ba ka ga allunan da suke yi maka alkawarin cewa wahalarka ta ƙare a wannan wata ba. A cikin motar danfo ma za a tashi a gaya maka in ka shuka iri, wato ka ba da kuɗi, ba abin da zai taɓa ka. Yaranmu da suka zo daga Arewa suna jin wannan safe da yamma har ya shiga jikinsu ba su sani ba. Ranar da masifa ta zo, sai mutum ya ce ko dai Allah ya yi ƙarya, ko kuwa bangaskiyata ce ba ta kai ba. Wannan koyarwa tana ɓata mini rai ƙwarai, domin tana sa wa Allah magana a baki, sa'an nan ta bar gwauruwa da marayu da laifin abin da ya same su. Ina roƙonka ka bincika da kyau, wataƙila wani sashe na abin da ya rushe a zuciyarka alkawari ne da mutane suka yi da sunan Allah, shi bai yi ba.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma a nan Legas aka taɓa yinsa. Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a gaɓar garin nan da nufin kai bishara can cikin ƙasa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas, sauran biyun suka nausa Arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada, daga baya shi da kansa ya ba da labarin cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe, domin ya fito yana dogara da abin da ya ɗauka alkawuran warkarwa ne a sarari, ga shi ya bar abokai biyu a kabari. Sai da ya koma ya sāke bin Littafin a hankali. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ban kawo wannan don in ce ƙarshen labari ya biya mahaifiyar Gowans ɗanta ba, bai biya ba. Na kawo ne don ka san cewa majami'u da yawa da ake rera waƙar Hausa a cikinsu yau, mutumin da ya taɓa zama inda kake zaune yana cikin waɗanda suka aza harsashinsu.

Sai tambayar abokanka na kasuwa. Tambaya ce mai kyau, kada ka ɗauke ta tsokana. Maƙwabtanmu Musulmi sun gaskata cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, haka yake a Suratun Nisa'i aya ta 157. Mu kuma bangaskiyarmu duka a kan gicciyen ta tsaya. Bambanci ne na gaske, ba a shafe shi da murmushi, ba kuma dalilin faɗa ba ne tsakanin mutanen da suke sauke kwando daga mota ɗaya. Bitrus ya ce mu ba da amsa da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15).

Ga yadda nake amsawa. Ka ɗauka ranar shari'a ta zo, an kawo waɗanda suka kashe yayanka, Allah ya dube su ya ce ba komai, ku wuce. Zuciyarka za ta kira wannan jinƙai? Matarsa za ta kira shi adalci? Kai da kanka ka san jinin nan yana da nauyi, kuma Allahn da zai ce ba komai ya rena yayanka. To, abin da yake da wuyar haɗiya shi ne ni da kai ma muna da waɗanda muka cuta, ko da ba mu ɗauki bindiga ba. Muna so Allah ya yi tsanani a kan laifin da aka yi mana, ya yi sassauci a kan wanda muka yi. Bulus ya ce a Romawa 3:26 gicciye ne wurin da Allah ya nuna shi mai adalci ne, shi ne kuma mai kuɓutar da wanda ya ba da gaskiya ga Yesu. Ba a ce zunubi ba komai ba ne, an biya shi, mai laifin kuma ya sami hanyar rayuwa.

Akwai kuma abin da kalmar hadaya take tayarwa a zuciyar mutum a garin nan. Kai mai fita da asuba ne, ka sha ganin ƙwarya ko kasko a mararraba, da manja da ƙwai a ciki. Mutum ne ya kai abu don ya sayi yardar abin da yake tsoro. Idan da wannan idon ka kalli gicciye, dole ya ba ka ƙyama, don zai zama kamar uba mai fushi ya huce a kan ɗansa marar laifi. Littafin ba haka ya faɗa ba. Tun a Farawa 22:8, da Ishaku ya tambayi mahaifinsa ina ragon, Ibrahim ya ce Allah zai tanada. A Littafin Firistoci 17:11 Allah ya ce shi ne ya ba su jinin a kan bagade domin kafara. Kullum daga wajensa kyautar take fitowa. Yesu ya ce a Yohanna 10:18 ba mai ƙwace ransa, shi yake ba da shi don kansa. Bulus kuma ya ce a 2 Korantiyawa 5:19 Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Wanda aka yi wa laifin shi ya sauko ya ɗauki hukuncin. Ba wani na uku aka jawo daga gefe ba.

Shi ya sa mutuwarsa ta faɗo a lokacin Idin Ƙetarewa, idin da Yahudawa suke tunawa da daren da aka shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofa a Masar (Fitowa 12). Har yau ranar Ista tana bin wata, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu: Lahadin farko bayan cikar wata da ya zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Wasiƙar Ibraniyawa ta ce jinin bijimai da na awaki ba ya iya ɗauke zunubi, shi ya sa ake ta maimaitawa kowace shekara, amma Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak. A kan gicciye ya ce, "An gama." Abin da aka gama, rawar zuciyarka ba ta mai da shi baya.

Ka kuma lura da abin da ya fito daga bakinsa kafin wannan: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Farkon Zabura 22 ke nan. Tambayar da kake jin kunyar yi a ɗakinka, Ubangijinka ya yi ta da babbar murya a gaban jama'a. Zabura 88 ma tana nan, ita kuwa ba ta ƙare da yabo ba, da duhu ta ƙare, Ruhu Mai Tsarki kuma ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Kai mawaƙi ne, ya kamata ka san cewa kuka ma yana cikin abin da aka ba mu mu rera.

Wataƙila can ƙasan zuciyarka tambayar ita ce ko abin ya faru da gaske. Bulus bai ji tsoron wannan ba, ya ce in Almasihu bai tashi ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku ma banza ce (1 Korantiyawa 15:14). Mutuwar dai ba Kirista kaɗai suka rubuta ta ba. Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta a farkon ƙarni na 2 cewa an kashe Almasihu a zamanin Sarki Tibariyas ta hannun Bilatus. Bilatus ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, a 1961 kuma aka tono dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya. Game da tashin, Bulus ya rubuta wa Korantiyawa wajen shekara ta 55, ya ce abin da ya karɓa ne ya miƙa musu, ya jera waɗanda suka gan shi: Kefas, wato Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya waɗanda yawancinsu suna da rai a lokacin da yake rubutun, sa'an nan Yakubu. Yakubun nan ɗan'uwan Yesu ne, na gidan da Yohanna 7:5 ya ce ba su ba da gaskiya gare shi ba. Daga baya ya zama jigon ikilisiyar Urushalima, Yosifus marubucin Yahudawa kuma ya ba da labarin yadda aka jajjefe shi a shekara ta 62. Me zai sa mutum ya kira ɗan'uwansa na gida ɗaya Ubangiji har ya mutu a kai?

Ga kuma matan. Dukan Bisharu huɗu sun ce mata ne suka fara isa kabarin, Maryamu Magadaliya tana cikinsu, a zamanin da ba a ba shaidar mace nauyi a gaban shari'a. Mai ƙaga labari don a yarda da shi ba zai zaɓi waɗannan shaidu ba. Ba kuma zai rubuta cewa shugabanninsa sun gudu, babbansu ya yi mūsun ubangidansa sau uku ba. Waɗannan ba sa tilasta wa kowa ya ba da gaskiya, akwai masu ilimi da suka san su duka ba su yarda ba. Amma sun ishe ni in ce maka ba a kan iska kake tsaye ba, kuma suna nan yadda suke ko ka tashi da ƙarfi ko ka tashi da nauyin zuciya.

Ka taɓa shiga jirgin ruwa daga Ikorodu zuwa cikin gari? Za ka ga ɗan Legas yana danna waya hankali kwance, kusa da shi ɗan Arewa sabon zuwa ya ƙanƙame kujera, idonsa a rufe, yana jin kowace igiyar ruwa a cikinsa. Lokaci ɗaya suke sauka. Natsuwar na farko ba ta ƙara wa jirgin ƙarfi ba, tsoron na biyu bai huda shi ba. Abin da ya hau kansu su biyun shi ne su shiga, kada kuma su yi tsalle a tsakiyar ruwa. Afisawa 2:8 ta ce ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa ba yin kanku ba ne, baiwar Allah ce. Mahaifin yaron nan a Markus 9:24 ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, duka biyun a numfashi ɗaya. Yesu bai ce ya je ya dawo in ta cika ba, ya warkar da ɗansa.

Na san wani zai buɗe maka Yakubu 1:6, inda aka kwatanta mai shakka da raƙuman ruwan teku. Karanta har aya ta 8, za ka ga maganar mai zuciya biyu ake yi, wanda yake roƙon Allah hikima alhali ya riga ya shirya bin wata hanya. Akwai irin wannan shakka, na kuma sha ganinta: mutum ya shiga abin da ya san ba daidai ba ne, sai tambayoyi su yi masa yawa dare ɗaya don ya sami mafaka. Maganin wannan tuba ne. Kai ka san zuciyarka, ka bincika. Amma wanda rashin jin Allah yake hana shi barci har ya zauna ya rubuta wa fasto wasiƙa, ban ga alamar ya juya baya ba. Yahuza aya ta 22 ta ce a ji tausayin masu shakka.

Game da teburin, ayar da take tsorata mutane ita ce 1 Korantiyawa 11:27, ci da rashin cancanta. Duba abin da yake faruwa a Koranti daga aya ta 17: masu hali suna riga ci har waɗansu su bugu, matalauta suna komawa da yunwa, ikilisiya ta rarrabu. Rena jikin Ubangiji da rena 'yan'uwa ne Bulus yake tsawatarwa a kai. Bai ambaci mai baƙin ciki ba. A daren da aka kafa Jibin, Bitrus da zai yi mūsu kafin zakara ya yi cara yana wurin, Toma ma yana wurin, Yesu ya san su sarai ya miƙa musu gurasar. Tun a shekarun 1640 masanan da suka taru a Westminster a Ingila suka sa wannan tambaya taka a cikin babban katakisim ɗinsu, wato littafin koyarwa na tambaya da amsa, ko mai shakkar kasancewarsa cikin Almasihu zai iya matsowa. Suka amsa cewa in abin yana damunsa da gaske, yana kuma marmarin a same shi cikin Almasihu, ya kamata ya zo don ya sami ƙarfi. Abin da zai tsai da kai shi ne in kana riƙe da zunubin da ka ƙi saki, ko dattawa sun sa ka a ƙarƙashin horo. In akwai ƙudurin ramuwa a zuciyarka saboda yayanka, wannan kam ka kai shi gaban Allah da gaban fastonka kafin ranar. Fushi a kan abin da aka yi ba laifi ba ne, shirya ɗaukar fansa da hannunka shi ne abin da Romawa 12:19 ta hana.

Kada ka bar ƙungiyar mawaƙa. In wani baiti ya gagare ka, yi shiru a wurin, 'yan'uwanka su rera a madadinka, wata rana kai za ka rera wa wani. Ka nemi dattijo ɗaya ko fastonka ka gaya masa abin da ka gaya mini, baki da baki. In ya tsawata maka ya sallame ka, nemi wani, akwai masu kunne. Ka kuma duba jikinka. Wanda yake tashi tsakar dare yana jiran motocin tumatir, ya wuni a rana, ya aika kusan duk abin da ya samu gida, zuciyarsa ba za ta yi sauƙi ba. Da Iliya ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19), abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. In barci ya ƙaurace maka makonni, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, ka ga likita ba tare da jinkiri ba, ka kuma gaya wa wani na kusa da kai a ranar. Wannan ba ya rage maka komai a gaban Allah.

Daga Alhamis zuwa Lahadi ka karanta Yohanna sura 18 zuwa 21, sura ɗaya kowace rana, da Zabura 22 ran Juma'a. Ran Asabar ka kira matar yayanka, domin wannan Ista za ta yi mata nauyi fiye da kowa, wataƙila ita ma tana da tambayoyin da ba ta da wanda za ta yi wa. In kun gama, ka sāke rubuto mini yadda kuka yi.